Idan manhaja ce ke yanke farashi, wa za a kama da laifin haɗa baki?

Dokokin kare gasa a kasuwa an gina su ne bisa tunanin cewa mai laifi mutum ne. Dokar Sherman ta Amurka da aka kafa a 1890, da sashe na 101 na yarjejeniyar da ke tafiyar da Tarayyar Turai, da dokokin ƙasashe masu yawa da suka bi sahunsu, duk abu ɗaya suke nema kafin su yi hukunci: shaidar cewa masu gogayya da juna sun haɗa baki. Mai bincike yakan nemi takardar taro, ko saƙon waya, ko wani daga cikinsu da ya tona asiri don a sassauta masa. Ita ma dokar kare mai saye ƙarya take nema a talla, ko tauye awo, ko sharaɗin da aka ɓoye a ƙasan takarda.

To yanzu a manyan kasuwanni da dama ba mutum ke yanke farashi ba. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke yi, su ke zaɓar kayan da za a fara nuna wa mai saye, su ke amsa masa idan ya kai ƙorafi. Cutar da mai saye ke sha tana nan yadda take, sawun da ake bi a kama mai laifi ne ya dushe.

Manhajar yanke farashi sassa uku gare ta, kuma duk rigimar da za a gani a gaba daga ɗayansu ta taso. Akwai bayanan da ake ba ta: farashin abokan gogayya da take zaƙulowa daga shafukansu, yawan kayan da suka rage a sito, tarihin ciniki, lokaci da yanayi, wani lokaci har da bayanan shi kansa mai sayen. Akwai manufar da aka ɗora mata, wato abin da aka ce ta ƙara, riba ce ko yawan ciniki ko kason kasuwa. Sai iyakoki, ƙasan da ba za ta sauka ba da saman da ba za ta wuce ba. Tsofaffin manhajoji umarni kawai suke bi. Sababbin kuwa da gwaji suke koyo: ta ɗaga farashi, ta ga abin da ya biyo baya, ta ajiye sakamakon, ta sake gwadawa.

Abin da ke faruwa idan aka manta da iyaka ya bayyana a watan Afrilun 2011, lokacin da wani tsohon littafin ilimin halittu kan ƙudaje ya haura dala miliyan 23 a shafin Amazon. Masu sayarwa biyu ne suka bar wa manhaja aikin. Ta farko an umarce ta ta sa kashi 99.83 cikin ɗari na farashin na biyu, don ta ɗan fi shi araha. Ta biyu kuma an ce ta ninka farashin na farko sau 1.27. Kowace rana sukan kalli juna su gyara, farashi na ƙaruwa da kusan kashi 27 cikin ɗari kullum, babu wanda ya lura sai da abin ya kai inda ya kai. Babu haɗa baki a nan, babu ma basira. Amma ya nuna cewa manhajoji biyu da ke kallon juna suna iya kai farashi inda masu su ba su taɓa nufa ba.

Haɗa baki iri uku

Na farko shi ne mafi sauƙi a shari'a. Mutane ne suka shirya, manhaja kuma ta aiwatar. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gurfanar da wani mai sayar da hotunan bango a Amazon wanda ya amsa cewa shi da abokan gogayyarsa sun yarda su daidaita farashi, suka rubuta manhajar da za ta riƙe yarjejeniyar. A 2016 hukumar gasa ta Birtaniya, CMA, ta ci kamfanin Trod tarar sama da fam 160,000 a kan irin wannan laifi, ɗaya kamfanin kuma ya tsira saboda shi ya kai rahoto. Tsohuwar doka ta wadatar a nan. Sai dai manhaja tana ƙara wa irin wannan haɗin baki tsawon rai. Abin da ke rusa shi tun asali shi ne cin amana: wani ya rage farashi a ɓoye ya kwashe masu saye. Idan manhaja tana ganin ragin cikin daƙiƙoƙi ta kuma mayar da martani nan take, cin amanar ba ya biya, don haka ba mai yi.

Na biyu shi ne inda yawancin shari'o'in yau suke. Masu gogayya ba su taɓa magana da juna ba, amma duk manhajar kamfani ɗaya suka saya, kuma kowa yana zuba mata sirrin cinikinsa.

Kotun Tarayyar Turai ta taɓa wannan batu a watan Janairun 2016 a shari'ar Eturas daga Lithuwaniya. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye kusan 30 suna amfani da dandalin sayar da tikiti guda. Mai kula da dandalin ya aika saƙo cewa an taƙaita rangwame zuwa kashi 3 cikin ɗari, ya kuma saita na'urar a kan haka. Kotu ta ce duk kamfanin da ya san da saƙon ya yi shiru ana iya ɗaukar sa a matsayin wanda ya shiga, sai fa idan ya nuna ya fito fili ya ƙi, ko ya kai rahoto ga hukuma, ko ya ci gaba da ba da rangwamen da ya wuce iyakar. Shiru kansa ya zama shaida.

Shari'ar RealPage, kamfanin da ke sayar da manhajar yanke kuɗin hayar gidaje, ta fi wannan girma. A watan Agustan 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da wasu jihohi suka maka kamfanin a kotu, suna zargin cewa masu manyan gidajen haya suna ba manhajarsa bayanan da ba a sanar wa jama'a ba: ainihin kuɗin da ɗan haya ya biya bayan rangwame, tsawon yarjejeniya, ɗakunan da za su zama babu kowa nan gaba. Manhajar ta haɗa su ta ba kowane mai gida shawarar kuɗin haya. Takardar ƙarar ta ambaci wani zaɓi da ke karɓar shawarar kai tsaye ba tare da mutum ya duba ba, da ma'aikatan kamfanin da ke bibiyar mai gidan da ya ƙi bin shawara. Kamfanin ya musanta, yana cewa abokan cinikinsa suna da ikon ƙin shawarar. A ƙarshen 2025 an cimma sulhu ba tare da ya amsa laifi ba, kuma jigon sulhun a kan bayanai yake: a daina amfani da sirrin masu gogayya wajen fitar da farashin yau, wanda za a horar da manhaja da shi kuma sai ya kai aƙalla wata 12.

Maureen Ohlhausen, wadda ta riƙe shugabancin hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta ba da ma'auni mai sauƙi a 2017: a cire kalmar manhaja a sa sunan mutum. Da a ce dillali ɗaya ne yake zagaya duk masu gidajen wani gari, kowa ya faɗa masa sirrin cinikinsa, shi kuma ya koma ya gaya wa kowa nawa zai sa, da ba a yi gardama ba cewa haɗa baki ne. Ma'aunin yana da kyau, amma bai warware komai ba. A 2024 wata kotun tarayya a jihar Nebada ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan otal-otal na Las Vegas masu amfani da manhaja ɗaya, saboda masu ƙara ba su nuna an gauraya bayanan sirri ba, otal-otal ɗin sun fara amfani da ita a lokuta daban-daban, kuma ba dole ba ne su bi shawararta. Ke nan sayen manhaja iri ɗaya kaɗai ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me ake zuba mata, da kuma yadda ake bin abin da ta ce.

Na uku shi ne mai ɗaure kai. Kowane kamfani da tasa manhajar, ba a musayar sirri, ba wanda ya ce a haɗa kai, amma manhajojin suka gano da kansu cewa zaman lafiya ya fi riba. Wasu masana tattalin arziki a Jami'ar Bologna ta Italiya sun gwada wannan a kwamfuta, aka buga sakamakon a 2020. Sun saki manhajoji masu koyo a kasuwar gwaji, manufarsu riba kawai. Bayan dubban ɗaruruwan zagaye sai suka tsaya a farashin da ya fi na gasa. Da masanan suka tilasta wa ɗaya ta rage, sai ɗayar ta rage ita ma don horo, sannan su biyun suka riƙa hawa a hankali har suka koma inda suke. Wannan ladabtarwa da yafiya ita ce ainihin alamar haɗin baki, kuma ba wanda ya koya musu.

Ana iya cewa wannan ɗakin gwaji ne, kasuwar gaske ta fi haka rikici, kuma gaskiya ne. Sai dai akwai shaida daga gidajen man Jamus, inda tun 2013 doka ta wajabta a sanar da duk canjin farashi ga hukuma cikin mintuna, jama'a kuma su gani. Masu binciken da suka bi sawun yaɗuwar manhajojin farashi daga 2017 sun gano cewa a wuraren da gidajen mai biyu ne kaɗai ke gogayya, idan ɗaya ne ya ɗauki manhaja ribar ba ta canza ba, idan duka biyun suka ɗauka sai ta tashi. Ruwa ba ya tsami banza. Matsalar ita ce dokokin yau ba su haramta wa ɗan kasuwa kallon farashin maƙwabcinsa ya bi ba, muddin ba su yi yarjejeniya ba. An bar wannan ƙofa a buɗe ne saboda mutane ba sa iya riƙe irin wannan daidaito na dogon lokaci, musamman idan suna da yawa. Manhaja tana iyawa. A ganinmu nan ne gurbin doka na gaske yake, kuma tara bayan ɓarna ba za ta cike shi ba, sai an koma ga yadda ake ƙera manhajar tun farko.

Mai kasuwa da ke da rumfa a cikin kasuwarsa

Wata damuwar ta shafi dandalin da shi ne ke jera kayan kowa, alhali shi ma yana sayar da nasa. A watan Yunin 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 saboda ya ɗora nasa shafin kwatanta farashi a sama, tsarin jerawarsa kuma ya tura na abokan gogayya ƙasa. Hukumar ta ce wanda ya fi kowa matsayi a cikinsu yakan faɗo ne a shafi na huɗu, alhali kusan kashi 95 cikin ɗari na dannawa a shafin farko suke ƙarewa. Sai a watan Satumban 2024 kotun ƙoli ta Tarayyar ta tabbatar da hukuncin. Shekara bakwai a kasuwar intanet ta isa a binne kamfani, irin wannan jinkiri ne ya sa tun 2022 Turai ta kafa dokar kasuwannin dijital da ta haramta fifita kai tun kafin a yi, da tarar da ke iya kaiwa kashi 10 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. A ƙarar da FTC ta shigar kan Amazon a 2023 kuma akwai zargin wata manhaja da ake kira Nessie, wadda ke hasashen kayan da sauran shaguna za su bi idan aka ɗaga farashinsu, ta ɗaga, kuma ta samar wa kamfanin sama da dala biliyan 1. Amazon ya musanta wannan fassara, ya ce ya daina amfani da ita tun shekarun baya.

Can sama kuma, a inda ake ƙera ita kanta basirar, hannaye kaɗan ne ke riƙe da kayan aiki. Horar da babbar manhaja na buƙatar dubban na'urorin lissafi na musamman, waɗanda Nvidia ke da mafi yawan kasuwarsu, da manyan cibiyoyin kwamfuta na haya, waɗanda Amazon da Microsoft da Google ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku nasu a duniya. Waɗannan kamfanoni su ne kuma ke zuba jari a masu ƙera manhajojin: zuwa ƙarshen 2024 Microsoft ya sa kusan dala biliyan 13 a OpenAI, Amazon ya sa biliyan 8 a Anthropic, Google ma yana da jari a can. CMA ta ƙirga irin wannan ƙawance sama da 90 a watan Afrilun 2024. Rahoton FTC na Janairun 2025 ya nuna cewa yarjejeniyoyin kan ɗaure mai karɓar jari ya kashe babban kaso na kuɗin wajen hayar kwamfutocin mai ba da jarin, abin da ke sa ƙaura ta yi tsada, kuma mai jarin yana samun leƙen sirrin fasahar wanda wata rana zai iya zama abokin gogayyarsa.

Dokar haɗewar kamfanoni saye take sa wa ido, su kuma waɗannan ba saye ba ne a takarda. A watan Maris na 2024 Microsoft ya ɗauki shugaban kamfanin Inflection mai ƙera manhajar hira da yawancin ma'aikatansa, ya biya kuɗin lasisin fasaharsa, ya bar kamfanin a tsaye da sunansa. CMA ta ce wannan haɗewa ce a idon doka, ta bincika, ta wanke shi. Wankewar ba ita ce muhimmiya ba, ikon binciken da hukumar ta tabbatar wa kanta ne. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa gasa tsakanin masu ƙera manhajojin tana da zafi a yanzu, farashin amfani da su yana sauka, akwai kuma waɗanda ake saki kyauta. Tsoron yana kan ƙofar isa ga jama'a. Shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google kan mamaye kasuwar binciken intanet ta bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin binciken da mutum ke tararwa a wayarsa ba tare da ya zaɓa ba. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, kuma irin wannan ciniki yana iya maimaituwa a kan manhajojin hira.

Abin da ke samun mai saye

A bambance abu biyu da ake yawan gauraya su. Farashin da ke hawa da sauka da lokaci ko yawan buƙata, kamar na tikitin jirgi, kowa iri ɗaya yake gani a lokaci guda. Farashin da aka yanka wa mutum shi kaɗai kuwa daga bayanansa aka fitar da shi. Manhaja na ƙoƙarin gano iyakar abin da zai iya biya kafin ya juya baya. FTC ta nemi bayani daga kamfanoni takwas masu wannan sana'a a watan Yulin 2024, kuma sakamakon farko ya nuna ana amfani da inda mutum yake, da abin da ya bincika a baya, da kayan da ya sa a kwando ya bari, har da yadda yake motsa alamar kwamfuta a kan shafi. Ba kullum ake canza lambar farashin ba. Sau da yawa rangwame ake hana wani a ba wani, ko a fara nuna masa masu tsada.

Masu kare wannan tsari suna cewa marar ƙarfi zai samu araha. Yana iya faruwa. Amma manhajar ba ta san talaka da mai kuɗi ba, wanda zai tafi da wanda ba zai tafi ba ta sani. Wanda ke cikin gaggawa, da tsohon da bai iya kwatanta farashi ba, da wanda ba shi da wani shago kusa, su ne ba sa tafiya. Kasuwar inshora ta Birtaniya ta nuna haka: kamfanoni sun riƙa ƙara wa tsofaffin abokan ciniki kuɗi kowace shekara saboda lissafi ya nuna ba za su sauya ba, har hukumar kula da harkokin kuɗi ta haramta hakan a inshorar gida da mota daga Janairun 2022. Tarayyar Turai kuma tun Mayun 2022 ta wajabta a sanar da mai saye a intanet idan na'ura ce ta yanka masa farashi na musamman. Sanarwa ta fi babu, sai dai ba ta gaya masa nawa wasu suka biya ba.

A wajen ba da bashi abin ya fi ciwo. Cire jinsi ko ƙabila daga bayanai ba ya hana wariya, domin unguwa da irin waya da irin sayayya suna iya tsaya musu, manhaja kuma za ta gano alaƙar ko ba a nuna mata ba. Hanyar ganewa ita ce a auna sakamako: a ɗauki mutane masu ƙarfin biya iri ɗaya daga rukunoni daban-daban a ga kaso nawa aka ba, da wane ruwa. A watan Disamban 2023 kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar kamfanin Schufa na Jamus cewa makin cancantar bashi da kamfanin ke ba mutum shi kansa hukuncin na'ura ne idan banki ya dogara da shi sosai, don haka kariyar doka ta hau kansa. Dokar ƙirƙirarriyar basira ta Turai, wadda ta fara aiki a 1 ga Agustan 2024, ta sa auna cancantar bashi da farashin inshorar rai da lafiya cikin ayyuka masu babban haɗari.

Manhajar hira tana faɗin abin da ba haka ba da cikakken tabbaci, domin jera kalmomin da suka dace da juna aka horar da ita, ba tantance gaskiya ba. Wani fasinja da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar shafin Air Canada game da rangwamen masu zuwa jana'iza, ta ce ya sayi tikiti ya nemi ragin daga baya cikin kwana 90. Ƙa'idar kamfanin ba ta yarda da nema daga baya ba. A gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia kamfanin ya yi ƙoƙarin raba kansa da maganar manhajar. A watan Fabrairun 2024 kotun ta ƙi, ta ce duk abin da ke shafinka naka ne, ta sa ya biya kusan dalar Kanada 800. Kuɗin kaɗan ne, amma ƙa'idar ta shafi duk kamfanin da ya sa na'ura a bakin ƙofarsa.

Sauran matsalolin tsofaffin zamba ne da suka samu sabon kayan aiki. Kamfanin DoNotPay da ya tallata kansa a matsayin lauyan na'ura ya amince ya biya dala 193,000 bayan FTC ta ce bai gwada ko aikinsa ya kai na lauya ba. Hukumar hannun jari ta Amurka ta ci wasu kamfanonin ba da shawarar zuba jari biyu tarar dala 400,000 a jimlace a watan Maris na 2024 saboda iƙirarin basirar da ba su da ita. Sharhin bogi a kan kaya, wanda a da sai an biya mutane su rubuta, yanzu ana fitar da dubunsa cikin awa guda, kowanne da salonsa. Amurka ta haramta shi da ƙa'ida ta musamman daga Oktoban 2024, Birtaniya daga Afrilun 2025.

Abin da kamfani zai duba kafin ya kunna manhaja

Tambayar farko ga mai sayar da manhajar farashi ita ce: da bayanan wa aka horar da ita, kuma ina namu za su je? A nemi amsar a rubuce cikin yarjejeniya. Idan shawarar da za a ba mu ta dogara da sirrin abokan gogayya na yanzu, ko namu zai shiga shawarar da za a ba su, a tsaya nan. Kada a ruɗu da cewa an cire sunaye an dunƙule bayanan. Tun 1996 hukumomin Amurka suna da wani ma'auni na musayar bayanai a fannin lafiya da sauran fannoni suka ara: bayanan su wuce wata 3, su fito daga aƙalla kamfanoni 5, kada kason ɗaya ya wuce kashi 25 cikin ɗari. Ma'aikatar Shari'a ta janye shi a Fabrairun 2023, kuma cikin dalilan da jami'anta suka bayar akwai cewa na'urori na iya warware abin da aka dunƙule su kuma ci moriyar tsohon bayani. Tallan mai manhaja ma abin karantawa ne. Duk inda ya yi alkawarin kawo ƙarshen yaƙin farashi, ko ya yi alfahari da cewa duk abokan gogayyarku na hannunsa, wannan takarda ce da mai bincike zai ɗauka wata rana.

Bayan an saya, a sa ƙasa da sama na farashi da hannu, a kuma ƙayyade yawan canjin da za ta iya yi a rana. A ajiye tarihin kowane canji tare da bayanan da suka jawo shi da samfurin manhajar da ke aiki a lokacin, domin idan bincike ya zo bayan shekara biyu ba wanda zai tuna. A ba ma'aikaci na gaske ikon ƙin shawara, a kuma ƙirga sau nawa yake ƙi. Idan bai taɓa ƙi ba, ikon na takarda ne. Akwai gwaji mai amfani da za a yi kafin a sake ta: a kwaikwayi abokin gogayya da ya rage farashi, a ga martaninta. Idan ta rage na ɗan lokaci sannan ta koma sama da zarar ya koma, ta koyi abin da bai kamata ba, sai a sake duba manufar da aka ɗora mata.

Manufar nan ita ce aka fi sakaci da ita. Manhajar da aka ce ta rage yawan masu soke rajista ba za ta bambance tsakanin gyara hidima da ɓoye maɓallin sokewa ba, wanda ya fi ba da sakamako za ta zaɓa. FTC ta zargi Amazon da cewa soke rajistar Prime, tsarinsa na mambobi masu biyan kuɗi, sai an ratsa shafi 4, dannawa 6 da zaɓi 15, kuma a watan Satumban 2025 kamfanin ya yi sulhu a kan dala biliyan 2.5. Don haka a haɗa wa manhaja ma'aunai na biyu da za su taka mata burki: yawan ƙorafi, yawan mayar da kaya, yawan waɗanda suka ce ba su san sun yi rajista ba. Manhajar hira kuma a ɗaure ta da takardun ƙa'idojin kamfani na yanzu, a hana ta yin alkawarin kuɗi, a bar hanya a fili da mutum zai isa ga ma'aikaci. A kula da asalin bayanai ma, domin hukunci ya fara wuce tara: a 2021 FTC ta sa kamfanin Everalbum ya goge manhajojin gane fuska da ya horar da hotunan mutane ba da yardarsu ba, wato aikin duka ya tafi.

Mataki na gaba ya riga ya fara leƙowa, wato manhajojin da za su yi wa mutum sayayya da kansu, su bincika, su zaɓa, su biya. Suna iya zama kariya, tunda ba sa gajiya da kwatanta farashi kuma ba a ruɗa su da agogon ƙarya mai cewa saura minti biyar. Amma mutumin da a da yake ganin kaya goma ya zaɓa, yanzu ɗaya ko biyu za a miƙo masa, bai ga waɗanda aka tsallake ba. Tambayoyin da hukumomi za su buƙaci amsarsu su ne wa ke biyan wannan wakili, ko mai kaya na iya sayen matsayi a shawararsa, ko ana bayyana hakan a lokacin da ake ba da shawarar, da kuma wanda zai mayar da kuɗi idan wakilin ya sayi abin da ba a ce ya saya ba.